Ranar Tashi Daga Filin Jirgin Sakkwato

A zamanin dā, in kakanninmu za su Makka, da ƙafa su kan tafi ko bisa jaki, su ratsa Barno da Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. Wani ya kan yi shekaru bai komo gida ba. Yanzu kuwa jirgin sama ya kan ɗauki maniyyaci daga Sakkwato, ya sauke shi Madina ko Jidda cikin awa biyar ko kusa da haka.

Filin jirgin Sakkwato sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya ci, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Bai kai na Kano girma ba, amma dokar fita ƙasa duk ɗaya ce. Ƙofa huɗu za mu wuce.

Ta farko wurin awo ne. A nan za a ɗora jakarmu a kan sikeli. In ta wuce nauyin da aka yanka mana, sai mu rage kaya. Sa'an nan a ba mu katin shiga jirgi.

Ta biyu ta ma'aikatan shige da fice ce. Su za su duba fasfo da biza, su dubi hoto, su dubi fuska, kana su buga hatimi. Katin allurar shawara da sanƙarau shi ma ya kasance a hannu.

Ta uku wurin bincike ne. Wuƙa, da aska, da almakashi ba su shiga jakar hannu. Goro kuwa hukumar Saudiyya ta hana shiga da shi, sai mu haƙura.

A nan ne za mu ja kunnen juna. Kada mu karɓi ƙunshin kowa, ko da ya ce magani ne zai aika wa ɗan'uwansa. In aka kwance aka sami ƙwaya, wanda ta ke hannunsa shi za a kama, hukuncinta kuwa a Saudiyya ya kan kai ga kisa.

Ta huɗu zauren jira ne. Mu zauna, mu karanta katinmu. In an rubuta 15:00, watau ƙarfe uku na rana ke nan: a ɗebe 12 daga 15, saura 3. In an rubuta 24C, layi na 24 ne, kujerar C. In mun sauka kuma mu ƙara wa agogonmu awa 2, don lokacinsu ya riga namu.

To, jama'a, kun ga amfanin zuwa aji. Wanda bai iya karatu ba, dole ya miƙa wa baƙo fasfonsa ya duba masa, bai san hannun da ya ba amana ba. Mai karatu kuwa da kansa zai gane sunansa da kujerarsa. Abin da ya shige mana duhu, mu tambayi ma'aikaci mai kayan sarki, gama matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.