SHEKARA 25 DA AURE: INA ZA KA KAI UWARGIDA?

Daga Wakilinmu a Agege

Duk wanda ya saba zama a bakin masallaci a Zangon Agege bayan sallar La'asar, ya san irin hirar da dattawa kan yi. Wannan ya kawo labarin Shagamu da farashin goro, wancan ya ce jiya ya sauka daga Kano, wani kuma yana shirin Fatakwal. Maza dai kullum ƙafarsu tana bisa hanya. Amma da za ka aiki ƙanwarka cikin gida ta tambayi uwargida yaushe rabonta da su fita ita da maigida su biyu, ba don ta'aziyya ba, ba don biki ba, ba kuwa don asibiti ba, to, dariya kurum za ta yi ta gyara ɗankwali.

Akwai matan da aka kawo su Ikko suna amare, daga Bichi ko Daura ko Maraɗi. Sun haifi 'ya'ya a nan, sun yaye, har sun aurar, amma har yau ba su taɓa ganin teku da idonsu ba, alhali kuwa daga Agege zuwa bakin teku tafiyar safiya ɗaya ce. Abin da suka sani a Ikko shi ne tsakar gida da bakin famfo da hanyar asibiti. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa magidanta tuni a kan wata 'yar al'ada da 'ya'yanmu suka fara kawowa, watau idan aure ya cika shekara 25, ko 30, ko 40, miji ya ɗauki matarsa su yi tafiya ta musamman, su biyu kaɗai.

WAI BA AL'ADARMU BA CE

Na san wani zai ce wannan ai bikin Turawa ne. Gaskiya ne su suka sa wa abin suna, shekara 25 su ce bikin azurfa, shekara 50 su ce bikin zinariya. Mu ba mu ce a kama zauren taro a yanka kek a yi rawa ba, ba mu kuwa ce a mai da ranar wani idi ba. Abin da muke nufi shi ne kyautatawa, ita kuwa ba a wurin Bature muka koye ta ba. Malamai sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tafi da iyalinsa in zai yi tafiya, har ma ya taɓa yin tseren gudu da Nana A'isha a kan hanya. Cikar shekaru dalili ne kawai na tunawa, don ɗan Adam in ba a kafa masa rana ba, sai ya yi ta cewa gobe har goben ta ƙare.

Hausawan Agege kuwa bai kamata tafiya ta zama musu baƙon abu ba, don tafiya ce ta kafa su a nan. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Ikko ta isa Badun cikin 1901, aka haɗe ta da Kano cikin 1912, ita ce ta jawo fataken goro suka yada zango a Agege, har sunan Zango ya bi unguwar. Kakanni sun zo da ƙafarsu, sa'an nan suka aika gida aka kawo musu mata. Tun daga nan namiji ke yawo, mace na tsaron gida.

Wanda bai riƙe ranar ɗaurin aurensa ba, kada ya ce ya sami hanzari. A ƙirga da shekarun ɗan fari, ko da wani abin da ya auku. Alal misali, wanda aka ɗaura wa aure cikin 1999, shekarar da soja suka miƙa mulki, ya cika 25 cikin 2024. Wanda ya yi nasa cikin 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala, shekararsa ta 50 ita ce 2026. In duk ya rikice maka, tambayi uwargida. Su mata ba su mantuwa da wannan.

FARA DA TAMBAYARTA

Kuskuren farko da maigida kan yi shi ne ya yanke shawara shi kaɗai, ya sayi tikiti, sa'an nan ya ce a shirya gobe da asuba. Tafiyar tata ce, saboda haka sai a ji ta bakinta. Amma ka sani kunya ba za ta bar ta ta faɗa maka kai tsaye ba. Cewa za ta yi, Alhaji, duk inda ka ce ya yi. To, sai ka bi ta hannun babbar 'yarku ko aminiyarta. Wata teku take son gani. Wata ba ta da burin da ya wuce ta kwana bakwai a ɗakin tsohuwarta ba tare da an ce gobe za a juya ba. Wata kuwa tun tana amarya take roƙon Allah ya nuna mata Ka'aba.

Kuskure na biyu shi ne cakuɗa tafiyar da sabgar kasuwa. In ka kai ta Kano ka ajiye ta a gidan ƙanwarka, kai kuwa ka wuce Kantin Kwari sari har dare, to, ba ita ka kai ba, rakiya ta yi maka.

MAI ƘARAMIN ƘARFI

Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda aljihunsa bai kai na nesa ba, cikin Ikko ma akwai abin da zai cika yini guda. Tun watan Oktoba na 2024 jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo, yana kuwa tsayawa a Agege. Daga Oyingbo mota za ta haye da ku cikin tsibiri. Ku fara da gidan ajiye kayan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe cikin 1957, inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976. Ku yi sallar Azahar a babban masallacin Ikko da ke titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe cikin 1988. Da yamma sai bakin ruwa. Sai dai Bar Beach ɗin da iyayenmu suka sani babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabon gari, saboda haka sai a nufi wajen Lekki. A zaɓi ranar aiki, don Asabar da Lahadi wurin na samari ne da kaɗe-kaɗe, dattijuwa ba za ta saki jiki ba. Kada kuma a shiga ruwan, igiyar tekun Ikko ba ta san gwani ba.

Wanda ke da halin kwana ɗaya a waje, ga Badagry. Can ne bene na farko da 'yan mishan suka gina cikin 1845, ga kuma hanyar da ake bi da bayi zuwa bakin jirgin ruwa a tsibirin Gberefu, wadda sai an haye da kwalekwale.

ABEKUTA DA BADUN

Ga mai matsakaicin ƙarfi, a ganinmu babu kamar sabon jirgin Ikko zuwa Badun da aka buɗe cikin Yuni 2021. Hanyar kilomita 157 ce, ana cinye ta cikin awa biyu da rabi ko kusa da haka, daɗin daɗawa tasharsa tana nan Agege, wadda aka sa wa sunan Babatunde Fashola. Ba ruwanka da cunkoson Berger, ga wurin zama mai sanyi, ga taga uwargida ta sha kallon daji.

Ku sauka Abekuta tukuna. Can ne Dutsen Olumo, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙe. Hawansa da matakala ne, wadda gwiwa ta fara damu sai ta tsaya daga ƙasa, ba dole. Kusa da dutsen akwai kasuwar Itoku, matattarar rinin adire. Nan ne maigida zai buɗe bakin aljihu, ya bar ta ta zaɓa da kanta, kada ya tsaya yana duban agogo.

Kashegari sai Badun. Tashar tana Moniya, bayan gari, sai an ƙara da mota. Ku hau tudun Oke-Are inda hasumiyar Bower take tun 1936, daga nan ake hango garin duka da jajayen kwanukansa. Akwai lambun Agodi, akwai gidan namun daji na Jami'ar Badun. Da dare in kewar tuwo ta taso, ga Sabo, unguwar Hausawa tun 1916. Sai dai shawararmu, a kai wa 'yan'uwa gaisuwa amma a kama masauki dabam. In kuka sauka gidan dangi, kafin ka ankara an raba ku, kai kana zaure, ita tana madafa tana taya aiki. Aikin da ta baro a Agege ke nan ya biyo ta.

GIDA AREWA

Wadda ta ce gida take so, a kai ta gida, amma a yi shi da tsari. Tsohon jirgin ƙasa na Ikko zuwa Kano, wanda ya kawo yawancin iyayenmu mata ta Ilori da gadar Jebba da Minna, an farfaɗo da shi cikin 2012, amma ba abin da za a ɗora shiri a kansa ba ne. Motar dare kuwa wahala ce ga mai shekaru. In da hali, jirgin sama daga Ikeja zuwa Kano wajen awa ɗaya da rabi ne, filin jirgin ga shi nan kusa da mu. Macen da shekara 25 tana jin rugugin jirage ta bisa rufin ɗakinta, ai ta cancanci ta shiga ɗaya.

A raba kwanakin biyu. Rabi na dangi, rabi naku. A Kano ga Dala, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi. Mai son daji ga Yankari a Jihar Bauchi, wadda aka keɓe cikin 1956, da ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana. Da rani aka fi ganin namun daji, lokacin da suke taruwa bakin kogi. Ko ina za ku, a tambayi mutanen wurin lafiyar hanya kafin a tashi, kada kuma a yi tafiyar dare.

UMRA

Wannan ita ce gaba da kowace. Alhazai nawa ne a Agege suka sauke farali, har suka koma sau biyu sau uku, matansu ko filin jirgi ba su taka ba? Wanda Allah ya hore wa, ya fara da fasfo tun da wuri, ya kuma tabbata kamfanin da zai ba kuɗinsa yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, don 'yan damfara sun yi yawa a wannan harka. Umrar watan azumi ta fi tsada da cunkoso, masu shekaru sun fi samun sauƙi a wasu watannin. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai sauri tsakanin Makka da Madina, ya rage wahalar mota ƙwarai. Wanda kuwa Hajji yake nufi, akwai asusun adashin gata da Hukumar ta buɗe tare da bankin Jaiz cikin 2020, ana zubawa kaɗan-kaɗan.

MAI MATA BIYU KO FIYE

Nan ne gizo ke saƙa. Adalci wajibi ne, Annabi ma ƙuri'a yakan yi tsakanin matansa in zai yi tafiya. Saboda haka kada a yi abin a ɓoye. A tara su a faɗa musu cewa bana uwargida ta cika shekara kaza, kowace kuma tata na nan tafe, a sa mata lokaci, a kuma cika alkawari. Maganar ramuwar kwana sai a tambayi malamin unguwa tun kafin a tashi. Tafiyar da za a dawo a tarar da gida ya kama wuta, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

KUƊI DA LOKACI

Kada a ci bashi, kada a taɓa jari, kada kuma a taɓa kuɗin makarantar yara. A shiga adashi shekara guda kafin lokacin, a keɓe kwasar don wannan. 'Ya'yan da suka kama aiki su ma su sa hannu, amma su tsaya a gida, ba a gayyace su ba. Bayan kuɗin mota da masauki da abinci, a ware na tsaraba, don ba macen da za ta yarda ta dawo wa maƙwabta hannu rabbana. A ƙara wani abu na ko-ta-kwana.

Watan Yuni da Yuli ruwa ya yi yawa a Kudu. Ƙarshen Disamba kuɗin mota da na jirgi kan tashi saboda Kirsimeti, hazo kuma kan tsai da jirage a Arewa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likita, ya riƙe maganinsa a jakar hannu. A bar shago hannun amintacce, a bar yara hannun babba, a kuma rage amsa waya.

Daga ƙarshe, jama'a, mu tuna da abin da muke gani da idonmu a unguwar nan. Sau nawa aka loda kayan mace a mota aka mai da ita Arewa bayan ta fita takaba? Ta zo da rakiyar 'yan kai amarya, ta koma da rakiyar 'ya'ya, tsakanin nan kuwa ko sau ɗaya ba ta zauna kujera ɗaya da mijinta a mota don jin daɗi ba. Ita ce ta yi haƙuri da ɗaki ɗaya lokacin da babu, ita ta sayar da 'yan kunnenta shekarar da goro ya ruɓe. Malam, tun kuna da sauran ƙarfin ƙafa ku biyun, yau in ka koma gida bayan Isha'i, ka tambaye ta ina take so ta gani. Allah ya bar zumunci, ya ƙara danƙon aure, amin.