Ƙashin Da Ya Zama Dutse Mai Daraja

Duk wanda ya saba zaman hira a Ƙofar Wambai ta birnin Bauchi ya san yadda labarin dutse mai daraja yake ɗaukar hankalin samari. Wani ya dawo daga daji da tsakuwa mai ƙyalli a aljihu, sai ka ga an yi masa caa ana tambayar nawa za a saya. To, akwai dutsen da darajarsa ta wuce kuɗi, watau ƙashin halittar da ta mutu tun zamani mai nisa ya rikiɗe ya zama dutsen da Turawa ke kira ofal.

Cibiyar wannan abin mamaki ita ce ƙasar Ostiraliya, musamman garuruwan Lightning Ridge da Coober Pedy. Kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, teku marar zurfi ce ta rufe tsakiyar ƙasar. Idan dabba ta mutu sai laka ta binne ta. Da tafiya ta yi tafiya ƙashin ya narke, ya bar rami mai siffarsa daidai, kamar yadda maƙerin farfaru ke barin gurbi a cikin yumɓu kafin ya zuba narkakken ƙarfe. Daga nan ruwan da ya kwaso silika, watau sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, ya riƙa tsiyaya cikin ramin a hankali har ya daskare. In ƙwayoyin silika suka zo girma ɗaya suka jeru sahu-sahu, sai su karya haske dutsen ya riƙa walƙiya kamar bakan gizo. In ba su jeru ba, dutsen ba shi da ƙyalli. Dalilin ƙarancinsa ke nan: sai an dace da gawa, da rami, da ruwa, duk a wuri guda.

A shekarar 1987 wani mahaƙi a Coober Pedy ya tono ƙwarangwal na wata dabbar teku, aka laƙaba mata suna Eric, har da ƙasusuwan kifin da ta ci a cikinta. Da kamfanin da ya mallake ta ya karye, aka ji tsoron za a sayar da ita waje. Sai jama'a, har da 'yan makaranta, suka yi karo-karo a 1993, aka saye ta aka ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Sidni. Amma sau da yawa mahaƙa kan yanka irin wannan ƙashi gunduwa-gunduwa su sayar a yi zobe, ilmin da ke cikinsa ya salwanta har abada.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Mu ma teku ta taɓa ratsa ƙasarmu. A ramin da ake haƙar farar ƙasa don yin siminti a Ashaka, wadda take cikin Jihar Bauchi kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, ana samun bawon wasu halittun teku masu naɗi kamar dodon koɗi, sun zama dutse. A ƙasar Sakkwato kuwa an tono ƙashin wani ƙaton ƙadangaren teku, aka sa masa suna Goronyosaurus a 1972 don tunawa da Goronyo.

Saboda haka muna kira ga masu shiga daji neman arziki: in kun ci karo da dutse mai siffar ƙashi, ko haƙori, ko ƙodago, ku dakata da guduma. Ku lura da inda kuka same shi, ku kai wa masana ilmin duwatsu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su duba. Abin da ya shekara miliyoyi yana haɗuwa, bugu ɗaya ya isa ya rusa shi.