Tasawa da Mayahi a ƙarshen mako: abin da mai ƙaramin jirgi ya kamata ya sani kafin ya tashi

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Tasawa, in an miƙe ta sama, tafiyar ba ta wuce kilomita 200 da 'yan kai ba. Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya irin Cessna 172 zai cinye ta cikin kimanin awa guda. Wannan lissafi ne ke ruɗin wasu 'yan ƙasa mazauna waje da suka koyi tuƙin jirgi a Turai ko Amurka ko makarantar Zariya, da kuma masu hali da ke ɗaukar shatar jirgi: a tashi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a kwana biyu a tsohon gari, a dawo Lahadi da yamma. A taswira abin ya yi kyau. Amma takarda da man jirgi da hazo kowanne yana da ta cewa, kuma kowannensu shi kaɗai yana iya cinye hutun baki ɗaya.

Takarda ce farko. Jirgin da ke ɗauke da rajistar wata ƙasa ba ya shiga sararin Nijar sai da izinin ƙetarawa da na sauka daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC, kuma ba a ranar tafiya ake nemansa ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 al'amarin sama ya ƙara tsauri. An rufe sararin samaniyar ƙasar a ranar 6 ga Agusta na shekarar, aka sake buɗe shi a farkon Satumba, kuma har gobe jami'an tsaro ba sa wasa da jirgin da ba su san da zuwansa ba. Sannan duk wanda ya fito daga wata ƙasa dole ya fara sauka a filin da ke da jami'an duwan da na shige da fice. In izinin da aka ba ka ya ce ta Yamai za ka shigo, to tafiyar awa guda ta koma ta kilomita sama da 1,200: kusan 700 daga Kano zuwa Yamai, sannan fiye da 500 daga Yamai a dawo gabas zuwa Maraɗi. Wanda bai tambayi wannan tun da wuri ba, a filin jirgin Diori Hamani zai yi Asabar ɗinsa.

Tasawa tana da filin sauka a rajistar filayen jiragen ƙasar, amma suna a takarda daban, halin da ƙasa take ciki daban. Irin waɗannan ƙananan filaye na karkara, in an jima ba a yi amfani da su ba, rairayi yana hawa, ruwan damina yana zaizaye su, dabbobi suna ratsawa, yara su mai da su filin ƙwallo. Shawara mafi sauƙi ita ce a ajiye jirgi a Maraɗi ko Damagaram, inda akwai kwalta da ma'aikatan da za su amsa maka a rediyo, a ƙarasa da mota. Tasawa tana kan babbar hanya mai lamba 1, kusan tsakiya tsakanin biranen biyu, kilomita ɗari da wani abu daga kowane ɓangare.

Sai mai. Ƙananan jirage masu injin fistan ba sa shan kananzir ɗin manyan jirage, nasu man daban ne, kuma a wannan yanki yana da wuyar samu. Kada ka tashi da zaton za ka tarar. Ka buga waya, a tabbatar maka, ko ka lissafa zuwa da dawowa da abin da ke tankinka, da rara.

Yanayi shi ne babban alƙali, kuma kowane lokaci da irin tarkonsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da garin ya fi daɗin ziyara, shi ne kuma lokacin hazo. Dokar tuƙi da ido a ƙasa-ƙasa tana son matuƙi ya hangi aƙalla kilomita 5, alhali ƙurar hunturu tana iya sauko da gani ƙasa da kilomita ɗaya, ta kuma yi kwanaki ba ta washe ba. Manyan jiragen fasinja ma sukan fasa sauka a Kano saboda ita. A Afrilu da Mayu zafi ne: yankin yana kimanin mita 400 daga doron teku, amma in ma'auni ya kai digiri 42, iska takan yi sakayau har inji da fukafukai su ji kamar suna kan tudu mai mita 1,500. Jirgi zai daɗe yana gudu kafin ya ɗaga, ya kuma hau da ƙyar, musamman in an cika shi da mutane da tsaraba. Da damina kuwa hadari daga gabas yake tasowa, galibi da yamma, da guguwar ƙura a gabansa. Duk lokacin da ka zaɓa, tashin sassafe ya fi, kuma ka tuna a nan rana in ta faɗi duhu ba ya jira.

To me ake zuwa gani, da za a sha wannan wahala?

Daga Maraɗi hanya tana bi ta Caduwa, Agye da Gazawa. Wannan ƙasar Katsina ce ta da, kuma Tasawa tana cikin garuruwan da suka tsaya wajen ikon Sakkwato bayan jihadi, tare da Maraɗi inda sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa sabon mazauni. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Tasawa bayan ya ratso Sahara ya biyo ayarin gishirin Asbinawa. Ita ce babban garin Hausa na farko da ya shiga, daga nan ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Wato tun kafin a yi kwalta, wannan gari mahaɗa ce tsakanin Agadas da kasuwar Kurmi. Mai ziyara ya fara da gaisuwa a fadar sarki. Ladabi ne, kuma a nan ake samun dattijon da zai nuna tsofaffin unguwanni.

Gabas da Tasawa, kan hanyar Damagaram, akwai Maijirgi. Sunan kaɗai ya isa ya sa matuƙin jirgi murmushi, sai dai labarin wurin ba na dariya ba ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa tana kashe jama'a, daga Lugu inda Sarauniya ta yi musu turjiya, zuwa Birnin Ƙonni, har cikin ƙasar Tasawa. Da labarin ta'asar ya kai Faris aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. A ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka yi tawaye suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburan su biyun suna Maijirgi. Waɗanda suka kashe kuwa, yawancinsu ba su da kabari mai suna, a bakin jikokinsu labarin ya rage. Wanda ya je ya zauna ya saurara, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto.

Mayahi tana arewa maso yamma da Tasawa, kuma abin kallonta Gulbin Kaba ne, tsohon kwari da goruba ta cika. Daga kabarsa ake saƙa tabarma da igiya da faifai da ake kai wa kasuwannin Nijar da Najeriya. A nan ne jirgi yake da amfanin da mota ba ta da shi: wanda ya ratsa saman yankin da safe zai ga kwarin ya miƙe kamar koren zare, da gonaki cike da gawo da kalgo waɗanda manoma suka raya ta hanyar sassabin zamani tun daga shekarun 1980. Amma kallo da ido kawai. Ɗaukar hoton filin jirgi ko sansanin soja, ko tashin ƙaramin jirgi marar matuƙi ba tare da izini ba, yana iya kai mutum ofishin jandarma.

Mai fasfo na wata ƙasa, ko da a Tasawa aka binne cibiyarsa, ya tambayi sharuɗɗan tafiyar baƙi a cikin jihar, ya kuma sanar da hukuma isowarsa. A guji tafiyar dare, musamman ta wajen iyaka a kudu maso yammacin Maraɗi inda 'yan bindiga ke ta'adi. Kuma kada a ɗaura wani muhimmin aiki a safiyar Litinin. In hazo ya rufe ranar Lahadi, a bar jirgin a ɗaure a Maraɗi, a bi mota ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, a dawo a ɗauke shi in gari ya washe.