Kishin ƙasa na waye? Darasi daga jam'iyyar Podemos ta Sifaniya

Yau za mu leƙa Sifaniya ne, don mu duba tambaya ɗaya: idan ɗan siyasa ya ce "ƙasata", su wa yake nufi?

A Sifaniya an daɗe ana ganin tuta da kalmar kishin ƙasa a matsayin kayan masu ra'ayin riƙau. Dalili kuwa shi ne Janar Franco, wanda ya yi mulkin kama-karya daga 1939 har ya mutu a 1975, kuma da sunan ƙasa ya riƙa murƙushe 'yan adawa. Shi ya sa 'yan ɓangaren hagu, wato masu fafutukar ma'aikata da marasa galihu, suka yi shekaru suna ƙyamar kalmar.

Sai tattalin arziki ya durƙushe bayan 2008. Zuwa 2013, fiye da rabin matasan da ke neman aiki ba su da shi, bankuna kuma suna korar mutane daga gidajensu saboda bashi. Tun ranar 15 ga Mayu 2011 matasa suka fito zanga-zanga, suka mamaye dandalin Puerta del Sol a Madrid. Daga wannan fushin ne aka kafa Podemos a Janairun 2014. Ma'anar sunan, "za mu iya".

To ga inda abin yake. Jagororinta, Pablo Iglesias da Íñigo Errejón, sun ɗauki tunanin wani masani ɗan Ajantina, Ernesto Laclau: a rage maganar hagu da dama, a raba fili tsakanin jama'a da 'yan tsirarun da suka kankane komai. Sai suka ƙwato kalmar da aka bar wa abokan hamayya. A wajensu, ƙasa ita ce asibitin gwamnati da makarantar gwamnati da fanshon tsofaffi. Mai kishi shi ne wanda ke biyan haraji a gida. Wanda ya ɗaura tuta a hannu amma ya ɓoye dukiyarsa a bankunan waje, ba shi da bakin magana. Idan wannan salon ya tuna muku da NEPU ta Malam Aminu Kano da kalmar "talakawa", ba ku yi nisa ba.

Dabarar ta yi aiki, wallahi. Wata huɗu da kafuwa suka ci kujeru 5 a Majalisar Turai. A Disambar 2015, su da ƙawayensu suka samu kujeru 69 cikin 350 na majalisar dokoki.

Amma fa akwai rami a gaba. A Oktobar 2017 yankin Kataloniya ya yi ƙuri'ar ɓallewa wadda kotu ta haramta. Nan take tambayar ta sauya daga "wa ke cinye dukiyarmu?" zuwa "mu ɗin su waye?" Podemos ta ce ba ta son ɓallewa, amma tana goyon bayan a yi ƙuri'ar bisa yarjejeniya, domin Sifaniya ƙasa ce mai al'ummomi da yawa. Masu son ɓallewa suka ga bai isa ba, masu tuta suka ga cin amana ne. Zuwa zaɓen Nuwambar 2019 kujerun ƙawancensu sun koma 35, ita kuwa Vox mai tsattsauran ra'ayin riƙau ta samu 52. Rikicin cikin gida ma ya taimaka, don Errejón ya fice a shekarar.

Abin lura, 'yan uwa: haɗa mutane a kan fushi da manya abu ne mai sauƙi. Riƙe su ranar da maganar yare da yanki ta taso, nan ne aikin yake. Duk mai zuwa muku da kishin ƙasa, ku tambaye shi abu biyu: wa ya saka a cikin "mu", kuma me zai biya daga aljihunsa?

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.