Nasabar Fi'ilin Weten a Harshen Mutanen Holan

Duk wanda ya zauna da mutanen Holan, ko na arewacin Beljiyam, ba zai yini bai ji an ce ik weet het niet ba, wato ban sani ba. Amma ƙalilan ne cikin masu faɗar haka suka taɓa jin cewa fi'ilin nan weten, wanda suke nufin sani da shi, gani ne asalinsa. Tun daga 1786, sa'ad da William Jones ya bayyana a birnin Kalkata cewa Sanskirit da Girkanci da Latin tsatsonsu ɗaya, malaman lugga suka duƙufa kan salsalar kalmomi, har suka kai wannan fi'ili ga wani tushe, weid, na harshen da babu alƙalamin da ya taɓa rubuta shi, sai dai a gano shi ta hanyar ƙiyasi.

Daga tushen nan Latin ta sami videre, gani. Girkawa kuma suka ce oida, Indiyawan dauri suka ce veda, dukansu da ma'anar na sani, alhali kuwa a sarfu sigar abin da ya riga ya auku ce, wato na gani. Ashe magabatan nan ba su ɗauki mutum masani ba sai idonsa ya shaida. Mu ma dai gani ya kori ji muke cewa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin harufa. Yakubu Grimm ya tabbatar a 1822 cewa sautin d na tsohon harshen ya rikiɗe ya zama t a bakin kakannin Jamusawa da danginsu, shi ya sa a tarjamar Linjila da Wulfila ya yi wa Gotawa a ƙarni na 4 ake samun wait, na sani, da witum, mun sani, daidai da veda da vidma na Sanskirit, har sauyin wasalin tsakanin mufradi da jam'i bai kuskure ba. Jamusawa daga baya sun mai da t ɗin s, suka ce wissen, mutanen Holan kuwa suka bar shi inda yake.

To, da yake sigar da ta shuɗe ta koma ta yanzu, tilas aka ƙera wa fi'ilin sabuwar sigar shuɗaɗɗen lokaci, ita ce wist, kamar yadda aka yi wa 'yan'uwansa kunnen da mogen da zullen.