Dharmendra: Ɗan ƙauyen da Hausawa suka naɗa wa sarautar Sarkin Ƙarfi

Ranar 24 ga Nuwamban 2025 Dharmendra ya mutu a birnin Mumbai yana da shekara 89. A Birnin Konni, Malbaza da Illela, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, dattawa da yawa ba da wannan sunan suka fi saninsa ba. Su a wurinsu, Sarkin Ƙarfi ne ya tafi.

Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan suka fara shigo da finafinan Indiya arewacin Najeriya. Da zamanin kaset ɗin bidiyo ya zo, garin kan iyaka irin Konni, da ke maƙwabtaka da jihar Sakkwato, bai sha wahalar samunsu ba. Masu kallo ba sa jin Indiyanci, amma suna gane azzalumi da wanda aka zalunta, shi ya sa suka riƙa raɗa wa jarumai sunayen Hausa. Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, Dharmendra kuma Sarkin Ƙarfi.

Ɗan ci-rani daga Punjab

An haife shi ranar 8 ga Disamban 1935 a ƙauyen Nasrali da ke yankin Punjab, mahaifinsa malamin makaranta ne. Ba shi da kowa a harkar fim. Wata gasar neman sabbin fuskoki ta mujallar Filmfare ya lashe, ya tattara ya nufi Mumbai. Duk matashin da ya bar gonar albasa a Galmi ya tafi Legas ko Abijan neman na kansa ya san irin wannan tafiya.

Fim ɗinsa na farko, Dil Bhi Tera Hum Bhi Tere, ya fito a 1960, amma sai a 1966 tauraruwarsa ta haska da Phool Aur Patthar. A ciki ya fito a matsayin ɓarawo da ya shiga wani gida zai yi sata, sai ya tarar da wata bazawara marar lafiya da dangin miji suka yasar, ya tsaya yana jinyarta. Irin wannan hali ya sa aka so shi: ƙarfinsa kullum yana ɓangaren marar gata.

Sholay da abin da ya biyo baya

A 1975 Sholay ya fito, inda shi da Amitabh Bachchan suka fito a matsayin Veeru da Jai, abokan da suka tunkari ɗan fashi Gabbar Singh. Har yau ana dariyar wurin da Veeru ya haye tankin ruwa yana barazanar faɗowa in ba a ba shi Basanti ba. Hema Malini, wadda ta fito a Basanti, ita ya aura a 1980, bayan matarsa ta farko Prakash Kaur, mahaifiyar Sunny da Bobby Deol.

Ya yi finafinai fiye da 300, amma bai taɓa cin kyautar gwarzon jarumi ta Filmfare ba, sai lambar karramawa da aka ba shi a 1997. Ya kuma yi ɗan majalisar dokokin Indiya daga 2004 zuwa 2009.

Yau matasa a waya suke kallon finafinan Indiya da aka fassara da Hausa a Kano. Iyayensu kuwa ba su sami mai fassara ba, kuma sun fahimci mutumin har suka ba shi sarauta. In kana da dattijo a gida, kira shi ka tambaye shi labarin Sarkin Ƙarfi.