Maganin Ƙaiƙayi a Hannun Mai Ciwon Suga

Da hunturu ya shigo, mura da atishawa da ƙaiƙayin jiki sukan tura mutane kyamis, kuma abin da aka fi miƙo musu shi ne Piriton ko Phenergan. Irin waɗannan ƙwayoyi aikinsu tare wani sinadari ne mai suna histamin, wanda jiki ke saki idan ya ci karo da abin da bai karɓe shi ba. Mai cikakkiyar lafiya zai sha, ya yi barci, ya tashi garau. Wanda suga ya daɗe a jikinsa har ya taɓa masa ƙoda ko jijiyoyi, nasa lissafin daban ne.

Masu bincike sun jima suna bibiyar histamin a ciwon suga, domin an ga yana ƙaruwa a jikin ɓerayen da aka sa wa ciwon, yana kuma sa ƙananan hanyoyin jini yoyo. A 1995 wasu likitocin ido a Amurka sun gwada astemizole, wani mai tare histamin, haɗe da wani magani a kan marasa lafiya ƙalilan da suga ya taɓa wa ido, suka ga yoyon ya ragu. Amma a 1999 aka janye astemizole daga kasuwa saboda yana rikita bugun zuciya. Daga baya masana a Jami'ar Turin ta Italiya sun ga alamar cewa masu tare histamin na ba da kariya ga ƙoda, sai dai a jikin ɓeraye ne. Wannan bai kai a ce wa mutum ya sha don ƙodarsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na yau da gobe. Tsofaffin magungunan nan, irin su Piriton da Phenergan, suna sa barci mai nauyi. Dattijon da ya yi allurar insulin ya haɗiyi Piriton ya kwanta, idan suga ya faɗi cikin dare, gumi da rawar jikin da suka saba tashinsa ba lalle su tashe shi ba. In ya miƙe zuwa bayi kuwa, ga jiri, ga tafin ƙafar da dama ba ya jin sa sosai. Suna kuma riƙe fitsari, suna rage saurin narkewar abinci, alhali suga ya riga ya raunana mafitsara da tumbin wasu.

Cetirizine ba ya sa barci kamar su, amma ta ƙoda yawancinsa ke fita, shi ya sa likita kan rage shi daga miligiram 10 zuwa 5 ga mai raunin ƙoda. Magungunan ƙaiƙayi na ruwa kuma sau da yawa da sukari a ciki. Cyproheptadine, shi ma mai tare histamin, wanda ake sha don ƙiba, yana buɗe ciki ne ƙwarai, mai suga bai da abin yi da shi.

Shi kansa ƙaiƙayin, idan ya ƙi tafiya, a je asibiti a auna suga da ƙoda, domin wani lokaci daga can yake fitowa. Kafin mai kyamis ya miƙo ƙwaya, a ce masa: “Ina da suga, ga kuma magungunan da nake sha.”